Taƙaitaccen bayani kan kiwon shanu a tsaunukan Mambila da Gashaka

Ga abin da ya fito daga doguwar tattaunawar da aka yi kan lafiyar shanu da namun daji.

1. Kusan kowa ya amince a yi wa garke rigakafin ciwon huhu da cutar harbin daji kafin damina, da allurar da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, take samarwa.

2. Bakin kowa ya zo ɗaya kan haramcin sa guba a mushe don kashe kuraye, domin ungulaye ne suke fara mutuwa, kuma idan suka ƙare mushe yakan daɗe a fili yana yaɗa cuta. Likitocin dabbobi sun tunatar cewa diclofenac, wato maganin rage raɗaɗi da ake ba shanu, ce ta kusa ƙarar da ungulayen Indiya da suka ci mushen shanun da aka ba ita, don haka a nemi meloxicam a madadinta.

3. An ja kunne kan yawan ba da ivermectin, maganin tsutsar ciki, ba tare da gwajin kashi ba, saboda ragowarsa tana kashe buzuzun da ke binne kashin shanu.

4. Kan ƙona ciyawa ne ra'ayi ya rabu: wasu sun ce tana rage kaska, wasu kuma sun ce wutar ƙarshen rani tana cinye kurmin bakin rafi, sai dai a ƙona da wuri.