Ƙafar tsohuwar Landiroba: wanda ya taɓa kwance aksul da sifirin, ya zo mu ji

Ɗan Gwarzo

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover Series IIA doguwa, mai inci 109, ƙirar 1968, mai buɗaɗɗen baya, sitiyarinta a dama. Ta daɗe a ajiye a ƙarƙashin rumfa. Inji ya tashi lafiya, bodi kuwa alminiyam ne, bai yi komai ba. Ƙafa ce matsalar. Motar ta karkata gefen direba, man giya na tsiyaya daga ƙwallayen aksul na gaba, tayar baya ɗaya ta jiƙe sharkaf daga ciki, in kuma ta hau gargada sai sitiyari ya riƙa kaɗawa a hannu. An ba ni shawarar in zubar da aksul biyun in ɗora na wata motar, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ina son ji daga waɗanda suka yi aikin da hannunsu, ko suka tsaya aka yi a gabansu.

Oga Mai Gareji, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ƙanena, kada ka zubar da aksul ɗin nan. Tun ina yaron gareji nake kwance su, kuma da wuya ka ga kwankon aksul ya mutu, sai dai in hatsari ya lanƙwasa shi. Kayan ciki ne ke mutuwa, boris da osil (robar da ke hana mai yoyo) da bushi, kuma duk ana samunsu, ko a Panteka nan wajenmu ko a Ƙofar Ruwa kusa da ku.

Amma kafin ka taɓa sifana, ɗauki guduma ka shiga ƙarƙashi ka bubbuga shasi, musamman inda kunnuwan sifirin ke manne da kuma ƙahonnin gaba. Shasin rufaffen ƙarfe ne mai rami a ciki, laka na shiga ta kwanta, tsatsa ta riƙa ci daga ciki alhali waje fes. Inda ya amsa da ƙara tas, lafiya. Inda ƙarar ta mutu, mai walda ne zai fara aiki kafin kowa.

Tayar da ta jiƙe kuwa, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan osil. A saman kwankon kowane aksul akwai wani ɗan noti mai hula, ta nan aksul ke numfashi. Ƙura na toshe shi, motar da ta daɗe a ajiye ma har zanzaro kan yi gini a kansa. In mai ya ɗauki zafi iska ta rasa mafita, sai ta tura man ta bakin osil ya sauka a kan lainin birki. An taɓa kawo min wata da aka yi ta canja mata osil har mai ita ya gaji, ba wanda ya kula da wannan notin. Na kwance shi, na jiƙa a kananzir, na hura har ya buɗe, yoyo ya tsaya. Sannan ka duba zoben da osil ke gogawa a kai, can gindin sandar da boris ke zama. In farcenka ya ji kwari a jikinsa, a tsaga shi da cizal a buga sabo. Lainin da ya sha mai kuma a yar da shi. Masu ƙona shi da wuta su mayar, wasa suke da ran mutane.

Tsohon Direban Gandun Daji

Ɗana, karkatar nan ita na fi sani, don na yi shekaru ina tuƙa irinta a daji. Sifirin Landiroba ba ɗaya ba ne dama da hagu. Na gefen direba ya fi gantsarewa, saboda a mai sitiyarin dama nauyi ya taru a can: ga direba, ga tankin mai a ƙarƙashin kujerarsa, ga akwatin ogzilari. Mu nan sai ranar 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, daga nan motoci masu sitiyarin hagu suka fara yawa. To a kasuwar gwanjo an cakuɗa sifirin na kafin lokacin da na bayansa, mai sayarwa ma bai san wanne ne wanne ba. Ka kife su biyu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka auna tsayin gantsarwarsu. Wanda ya fi tsayi, gefen direba.

In naka na asali ba su karye ba, ni da su zan tsaya. A kwance santabol, wato notin tsakiya da ke haɗe su, a raba fallayen ɗaya bayan ɗaya, a goge tsatsar da ta kumbura a tsakaninsu. Za ka ga inda bakin ƙaramin falle ya ci jikin na samansa har ya yi masa tsani. A goge wurin ya yi sumul, in ba haka ba nan zai riƙa maƙalewa. Fallen da ya sirance ko ya tsage a canja shi. Akwai maƙeran da suka iya mayar da gantsarwa da guduma a sanyi, kuma aikinsu na riƙewa. Wanda ya ce zai sa shi a wuta ya yi ja tukuna, karɓi kayanka ka tafi, don ƙarfen sifirin in ya sha wuta ba bisa ƙa'ida ba ya rasa ƙarfinsa, ɗan lokaci kaɗan zai sake kwanciya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne yara suka fi tsallakewa: kada a ɗaure notinan bushi mota na kan jak. A ɗaura su sako-sako, a sauke mota a kan tayoyinta, a ɗora mata ɗan kaya, a jijjiga ta, sannan a tamke. Robar bushi a manne take da ƙarfenta. In aka tamke aksul na rataye, da an sauke motar robar ta murɗe kenan, kafin damina ta fita ta yage.

Malamin Fasaha

Ranka ya daɗe Baba, ka gama magana a kan sifirin. Bari in taɓa kaɗawar sitiyari, don na yi wannan aikin a kan tawa gajera mai inci 88.

Ƙwallon nan mai ƙyalli a kowane gefe na aksul ɗin gaba, a kansa taya ke juyawa. A ƙasansa boris ne, a samansa wani bushi ne da ake kira Railko, shi ke riƙe ƙafar da ɗan tauri don kada kowane dutse ya girgiza sitiyari. A ƙarƙashin fil ɗin sama akwai siraran wasa na ƙarfe. In ka rage su ƙafa ta ƙara tauri, in ka ƙara ta saki. Ba da ka ake yi ba. Ka cire tayarod, kada ka sa babban osil tukuna, ka maƙala sikelin rataya a hannun ƙarfen da ka cire tayarod daga kansa ka ja a hankali. Da ta fara motsi, sikelin ya tsaya wajen kilo 4. Tawa ko kilo 1 ba ta kai ba lokacin da na auna, shi ya sa take rawa. Na cire wasa siriri ɗaya, na sake aunawa, na cire wani, har ta zauna.

Ka shafa ƙwallon da yatsa. In tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka a inda osil ke bi, kowane sabon osil zai yanke. Ramuka kaɗan ana cike su da gam ɗin ƙarfe a goge, in sun yi yawa sai sabon ƙwallo. Mai kuwa EP90 ne, irin na cikin aksul. Kuma in an sa wa motar makullan taya na gaba waɗanda ake murɗawa da hannu, a riƙa kulle su lokaci-lokaci ana tafiya, domin juyawar shaf ce ke fantsama mai zuwa bushin sama.

Na-Gembu

Malam, a takarda haka ne, amma mu nan Mambila da Landiroba muke cin abinci har gobe, kuma yawancinmu giris muke cusawa. Hanyar da za ka yi wuni cikin taɓo har gindin ƙofa, mai ba ya kwana a ƙwallo.

Abin da zan ja kunnen Ɗan Gwarzo a kai shi ne shaf ɗin baya. Na irin taka haƙora 10 gare shi, kuma shi ne raunin motar. Taya ta yi ta juyawa a taɓo sannan ta cafki dutse farat ɗaya, sai ka ji ƙas, inji na ihu mota ba ta motsi. Ya same ni a hawa, da buhunan masara da fasinja. Sa'ar da ke ciki ita ce taya ba ta fita, don ba shaf ke ɗauke da nauyi ba. Na zare karyayyen, na cire farfelar baya, na danna ƙullin nan mai ruwan ɗorawa da ke sa ƙafar gaba ta ja, na lallaɓa da ƙafar gaba kawai bayan an rage kaya. Tunda za ka kwance, zaro su biyun ka kalli haƙoran ta tsawonsu. In sun fara murɗewa ko kaɗan, sun kusa. Ba direban da ke fita nan ba tare da shaf gajere da dogo a bayan kujera ba.

In aljihu zai ɗauka, nemi aksul ɗin Salisbury na doguwar Series III, wadda aka fara yi a 1971. Haƙora 24 ne, kuma za ka gane shi da murfin da ake kwancewa ta baya. Yana zama a kan taka, sai dai farfela za ta buƙaci gajarta.

Malamin Fasaha

Na yarda da kai a kan shaf, ɗan'uwa. Giris ne ban yarda ba. Mai kauri yana komawa gefe ya manne, bushin sama ya bushe ba ka sani ba. In dole ne, a sa mai ruwa-ruwa wanda ke gudana. Kuma akwai rigar fata da ake sa wa ƙwallon. Ni baduku na kai wa awo ya ɗinka min, na shafe ta da mai, taɓo bai ƙara taɓa ƙyallin ba.

Maman Ilham

Salamu alaikum. Motar gonarmu ce, kuma ni ke riƙe da lissafinta, don haka na san abin da ya ci mana kuɗi. Cikin aksul ɗin baya ya fara kuka, wani mai kayan gwanjo ya kawo mana wani ya ce duk ɗaya ne. Ya shiga daidai, a kwalta ma motar ta ƙara gudu. Ranar da aka sa ogzilari a hanyar gona sai ta riƙa tirjewa, tayoyi na gurzar ƙasa, farfela na ƙara. Ashe na Range Rover ne. Da aka buɗe, a gabana aka ƙirga: babban faifan namu na asali haƙora 47, ƙaramin 10, wato 4.7. Wanda aka kawo 46 da 13, wato 3.54. Gaba da baya kowanne na gudun kansa. Yayana, duk abin da za a sa maka a ciki, a ƙirga haƙora da alli a gabanka kafin ka biya.

Elhaji Na-Agadas

Ni tawa kat-kat Toyota ce, tsohuwar Land Cruiser 45, amma ciwon ɗaya ne. A wajenmu giris ne ke cikin ƙwallo tun daga kamfani, da zoben tsumma mai share shi. In ka ga baƙin kunu na ɗiga ta bayan taya, osil ɗin ciki ne ya mutu, man aksul ya haɗu da giris. Abin da zan ƙara a kan maganar Baba na gandun daji: kada a yi wa fallayen sifirin wanka da baƙin mai in motar za ta shiga rairayi. Yashi na mannewa ya riƙa cin ƙarfe a kowane motsi. Mu a bushe muke barinsu. Masu ƙara fallaye don ɗaukar kaya kuma su sani, sifirin da ya daina lanƙwasa shasi yake miƙa wa dukan, ni na ga inda ya tsage daidai kunnen baya.

Oga Mai Gareji, Kaduna

Gaskiyar Elhaji ce. Ƙanena, ka tanadi sifanun Whitworth, na tsohon awon Ingila, kafin ranar aiki, don yawancin notinan motar nan ba na milimita ba ne, yara za su murje maka kawunansu da sifanar da ba tata ba. Yubol kuwa, masu ɗaure sifirin da aksul, sababbi za ka sa, kada a mayar da tsofaffi. Bayan tafiyar farko da kaya, a koma ƙarƙashi a sake tamke su, domin fallayen da aka goge suna ƙara zama, yubol ya saki, santabol ya yanke, aksul ya zame baya ta gefe guda. Ka duba belin da ke riƙe aksul ɗin baya ma, in ya tsinke a sa wani kafin a ɗaura sabbin shokozoba, in ba haka ba su za su riƙa ɗaukar nauyin aksul duk sanda taya ta faɗa rami.