Beetle ɗin Baba: in cire injin fetur in sa na lantarki?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1974 da mahaifina ya bar min, Allah ya jiƙansa. Injin ya buga shekara uku ke nan, tana gareji ƙura ta rufe ta. Bodi garau, giyabos ma lafiya lau. Ba zan iya sayar da ita ba, a cikinta na koyi tuƙi.

Tunanina in sauke injin in sa na lantarki da hannuna. Na iya walda, kuma ni na haɗa solar gidana. Na samu tsohon injin lantarki na motar ɗaga kaya a sito, ina kuma da batiran ruwa guda 10 masu bolt 12, amfiya-awa 200. Tafiyata ba ta wuce kilomita 40 a rana. Zai yiwu, ko mafarki nake?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Motar dai ka yi dace. Beetle ba ta da lagireto, sitiyarinta da birkinta ba sa dogaro da inji. A sababbin motoci kana cire inji birki ya yi tauri kamar dutse, sai ka sa famfo na musamman. Kai kuwa noti huɗu ne suka riƙe injin da giyabos. Ka bar kuloci yadda yake, a yanka maka farantin da zai haɗa sabon injin da giyabos. Wannan kam kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, kada ka ce da ido za ka auna. In ya kauce ko kaɗan, giyabos ne zai biya.

Abu ɗaya: irin injin nan na ɗaga kaya, kada ka taka masa wuta mota tana firi. In ba nauyi a kansa gudu yake ta ƙarawa har ya tarwatse.

Mai Sola:
Malam, inji shi ne mai sauƙin. Batir ne aikin, kuma a nan lissafinka ya karye. Kowane batirinka ya kai kilo 60, goma kilo 600 ke nan, a kan motar da ita kanta ba ta wuce kilo 800 da ɗan abu ba. Da wane birki za ka tsayar da ita? A takarda kana da kilowat-awa 24, amma ka fi ni sani, batirin ruwa rabi ake ci. Mota kuma fizgar wuta take yi, ba shan hankali irin na fanka da firji ba.

Ƙaramar mota na cin wajen wat-awa 150 a kilomita, wato kilowat-awa 6 a kilomita 40 ɗinka. Nemi batirin motar lantarki Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010. Kilowat-awa 24 ne, an raba shi gida 48, kowane gida kamar gwangwani mai faɗi, bai kai kilo 4 ba. Guda 20 a jere za su ba ka wajen bolt 150 da kilowat-awa 10, nauyi ƙasa da kilo 80. Wannan lissafin na sabon batir ne fa. Tsoho ya sha jiki, gwada kowanne kafin ka karɓa. Kuma litiyam ba a haɗa shi ba tare da na'urar da ke gadin cajin kowane gida ba. Gida ɗaya ya wuce ƙima, gobara ce.

Yatsa Tara Da Rabi:
Sunana ya ishe ka wa'azi. Ina ɗaure noti a kan batir, sifana ta zame ta haɗa kai biyu. Ban ji ƙara ba ma, haske kawai na gani. Bakin sifanar ya narke kamar kyandir, zoben azurfa da ke hannuna ya yi ja ya ci naman yatsa. Bolt 48 ne kacal ranar. Kai 150 kake magana, kuma wutar batir ba ta da makunnin da wani zai ruga ya kashe maka.

Cire zobe da agogo. Naɗe sifanarka da tef, baki kaɗai za ka bari. Sa fis da abin katse wuta a tsakiyar jerin batiran, kuma shi ne na ƙarshen haɗawa. Kada ka yi aikin kai kaɗai a gareji.

Tsohon Makanike:
Na manta: fitilu, hon da waifa har yanzu bolt 12 suke so, kuma dainamo ya tafi da tsohon inji. Sai ka sa na'urar da ke sauke wuta daga babban batir. Sannan ka tambayi hukumar rajistar motoci da masu inshora tun kafin ka kwance noti ɗaya, kowace ƙasa da dokarta.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batiran ruwa sun koma sola, dama uwargida ba ta yarda a taɓa su ba. Ranar Asabar zan sauke injin in auna shi, don in san nauyin da zan mayar a baya. Malam Mai Sola, guda 20 ɗin nan duk bayan kujera zan jera su, ko in kai rabi gaba inda tankin mai yake?