Yaɗa gasar Free Fire kai tsaye a Sakkwato: yaya za mu hana satar kallo?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar yaɗa wasa kai tsaye, domin mun yi tuntuɓe a gwajinmu na farko. Ranar Asabar da ta wuce ni da abokaina muka shirya ƙaramar gasar Free Fire, wasan harbe-harbe na waya, a nan Mabera, ƙungiya 12, kowace da mutum 4, kuma muka bi lissafin manyan gasanni: maki 12 ga ƙungiyar da ta yi Booyah, wato wadda ta rage ita kaɗai a ƙarshe, 9 ga ta biyu, 8 ga ta uku, a yi ta sauka, sannan maki 1 a kan kowane abokin hamayya da aka kayar. Ni ne na shiga ɗakin wasan na intanet a gurbin mai kallo, wato wanda ke ganin kowa amma ba ya bugawa, na kuma haɗa allon wayata da Facebook domin mutanenmu na Gawon Nama da Arkilla da ba su samu zuwa ba su gani.

Wasa biyu na farko sun tafi lafiya. A na uku ne wata ƙungiya ta miƙe sak zuwa wani gida a taswirar Bermuda, ta zagaya ta baya, ta kwashe mutum huɗu da suka daɗe a ɓoye ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Waɗanda aka kwashe suka ce babu yadda za a yi a san suna wurin in ba wani ne ya gani a bidiyona ya tsegunta ba, su kuwa waɗanda ake zargi suka rantse cewa ƙarar sawu suka ji. Ba ni da hujjar gaskata wani in ƙaryata wani, amma na san cewa jim kaɗan kafin nan na buɗe babbar taswira, wadda ke nuna inda kowace ƙungiya take, na kuma bar ta a buɗe ina bayani. An tashi rai a ɓace, har yanzu ba mu ba da kyauta ba.

Tambayata ita ce, jinkiri nawa ya kamata a sa tsakanin wasan da abin da masu kallo ke gani, kuma ta yaya ake sa shi? Sannan data nawa zan tanada don awa uku, ganin cewa wayata ta yi zafi har hoton ya riƙa tsinkewa tun kafin mu kai rabi?

Malam Mai Kwamfuta, Gidan Dare:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya same ku tsohuwar cuta ce a wannan harka, kuma tushenta ɗaya ne: mai kallo yana ganin abin da ɗan wasa ba ya gani, alhali a wasa irin Free Fire sanin inda abokin hamayya yake ya fi kowace bindiga daraja. Shi ya sa kamfanin Riot Games ya ɗora jinkirin minti 3 a kan masu kallon wasansa na kwamfuta, League of Legends, ta gurbin masu kallo. 'Yan daƙiƙoƙin da Facebook ko YouTube ke ɗauka kafin hoto ya isa wayar mai kallo ba su isa kariya ba, domin ƙungiyar da ta laɓe a gida tana iya shafe minti biyu ba ta motsa ba, kuma saƙon WhatsApp ba ya buƙatar fiye da daƙiƙa biyar.

Ƙa'idar ita ce jinkirin ya fi tsawon lokacin da labari ke ɗauka kafin ya tsufa. Tunda wasa ɗaya ba ya cika kai minti 20, kuma da'irar da ke iyakance filin wasan tana matsewa tana tilasta wa kowa tashi daga inda yake, ni ina ganin minti 3 ya wadatar, kuma ba zan sauko ƙasa da minti 2 ba. YouTube yana da nasa maɓallin ƙara jinkiri, amma iyakarsa daƙiƙa 60 ne, don haka hanya mafi inganci ita ce ka daina yaɗawa daga wayar, ka koma laftof. Ka sauke OBS Studio, manhajar yaɗa bidiyo ce ta kyauta, ka shiga Settings, daga nan Advanced, za ka ga Stream Delay, sai ka rubuta 180, wato daƙiƙoƙin minti 3. Hoton da muryar mai sharhi tare ake riƙe su, tare kuma ake sakin su, saboda haka baki ba zai saɓa da hoto ba. Kada ka ji tsoron nauyin, domin minti 3 na hoto mai kilobit 3,000 a daƙiƙa bai kai megabait 70 ba a ƙwaƙwalwar laftof. Kawo allon waya cikin laftof kuwa, akwai manhajar scrcpy, ita ma kyauta, wadda ke aiki da kebul ɗin caji idan ka kunna USB debugging a wayar Android, kuma tana ɗauko har da sauti matuƙar wayar ta kai Android 11.

Wannan tsari shi ne kuma maganin zafin da ka ambata. Ka ɗora wa waya ɗaya aiki uku, tana gudanar da wasa, tana naɗar allo, tana aika bidiyo ta intanet, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Duk wayar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta lalace, a nan ne hoto ke fara tsinkewa. Ka bar wa wayar wasan kawai, ka cire mata riga, ka sa ta gaban fanka.

Lissafin data ba shi da wuya. Hoto mai girman 720 a kan kilobit 3,000 yana cin gigabait 1.35 a awa, awa uku ke nan gigabait 4 da 'yan kai, sai ka tanadi 6 saboda gwaji da tsautsayi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gudun aikawa daban yake da gudun saukewa. Layin da ke buɗe maka bidiyo ba tangarɗa yana iya kasa aika naka, don haka ka je wurin a daidai lokacin da za ku yi gasar, ka auna gudun aikawa, kuma kada nauyin hotonka ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ka samu. Idan megabit 3 ka gani, wato kilobit 3,000, ka sauko zuwa kilobit 2,000 ba tare da jin kunya ba, gara hoto mai ɗan dishi-dishi da wanda ke tsayawa a tsakiyar artabu. Kuma kada laftof ya sha daga layin da 'yan wasa ke amfani da shi, in ba haka ba za su ce kai ka ɗaga musu fing, wato ka sa wasansu yana jinkirin amsawa.

Idan YouTube za ka koma, ka kunna izinin yaɗawa tun da wuri, domin karon farko yakan ɗauki har awa 24 kafin a buɗe maka.

Mai Gidan Kallo, Runjin Sambo:

Ƙanena, duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ya rufe ƙofa ya bar taga. Na daɗe ina riƙe da gidan kallon ƙwallo, kuma sau biyu matasa suna karɓar wurina don irin wannan gasa, abin da na gani shi ne mafi yawan satar kallo ba ta intanet take zuwa ba, a cikin ɗakin ake yin ta. Jinkirin minti 3 na mutumin Arkilla ne da ke kwance a ɗakinsa. Wanda ke tsaye a bayanka yana leƙen wayarka fa? Talabijin ɗin da aka jona da laftof domin jama'ar wurin su gani fa, wanda hotonsa ke fita nan take? Mai sharhi da ke ɗaga murya a lasifika yana cewa ga su can sun laɓe a Clock Tower na taswirar Bermuda fa, alhali 'yan wasa na zaune taku goma daga inda yake?

Abin da muka yi a karo na biyu shi ne muka fitar da mai riƙe da gurbin mai kallo da mai sharhi zuwa shagon da ke maƙwabtaka da mu, muka rufe ƙofa. Talabijin ɗin cikin gida kuma ba mu jona shi da laftof ba, bidiyon da ke fita a intanet muka kunna a kansa, ya zama jama'ar wurin ma abin da ya riga ya wuce suke gani. 'Yan wasa suka zauna sun ba talabijin baya, kowa da abin kunnensa, aka karɓi waya ta biyu daga hannun duk mai ita, aka sa a kwali har aka tashi. Wasu sun yi ƙorafi cewa ana zarginsu tun ba su yi komai ba, na ce musu ai ko a ɗakin jarrabawa ana karɓar waya, kuma ba a ce kowa ɓarawo ne ba.

Gurbin mai kallo kuma amana ce. Kada ka ba kowa lambar ɗaki da kalmar sirri sai shugabannin ƙungiyoyi, ka kuma duba jerin masu kallo kafin ka danna farawa, duk sunan da ba ka sani ba ka fitar da shi. Wanda ke da ƙane ko aboki na kusa a cikin 'yan wasa bai kamata ya riƙe wannan gurbi ba, ko da mutumin kirki ne, domin a tsare masa mutuncinsa. Batun wuta ba sai na faɗa ba, laftof da na'urar intanet su kasance a kan inbata, kada sauyawa zuwa janareta ya yanke muku yaɗawa.

'Yar Arkilla:

Yayana, ina cikin waɗanda suka kalli gasar daga gida, kuma da izinin manya zan yi magana a madadin masu kallo. Ban ga wanda ya tsegunta ba, amma na ga abin da ya sa ka buɗe taswirar: ba ka san inda za ka kai mu ba. Kana tsalle daga wannan ɗan wasa zuwa wancan kowace daƙiƙa biyar, sau da yawa muna kallon wani yana tsintar harsashi alhali sunayen waɗanda ake kayarwa suna ta wucewa a gefen allo. Gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021, wadda ƙungiyar Phoenix Force ta ƙasar Tailan ta ci, ta tara masu kallo sama da miliyan 5 a lokaci guda, kuma wanda ya kalli irin waɗannan gasanni zai lura cewa masu riƙe da kyamara suna isa wurin faɗa kafin faɗan ya fara. Suna duba inda da'ira za ta matse, su ga ƙungiyoyi biyu da hanyarsu za ta haɗu, su tsaya a kan ɗaya har a gama. Ka duba taswirar kai kaɗai idan da hali, a OBS ana iya rufe allo da teburin maki na ɗan lokaci, mu kuma ka nuna mana sakamakon dubawar.

Sharhi ma ka raba shi da riƙon kyamara, mutum ɗaya ba ya tauna taura biyu. Ku samo wanda bakinsa ya iya, irin masu sharhin ƙwallo na rediyo, ya yi da Hausa tsantsa, ya riƙa kiran sunan ƙungiya da makinta, ya kuma bayyana wa irinmu dalilin da ya sa ɗan wasa ya kafa bangon ƙanƙara na kare kai daga harbi a nan bai kafa a can ba.

Inda nake da ja da Malam shi ne, minti 3 zai kashe hira da masu kallo, domin wanda ya yi tambaya a rubuce sai bayan minti uku zai ji amsarta da baki. Ban ce a cire jinkirin ba, amma a sa mutum guda ya zauna da wayarsa yana kallon abin da muke kallo, yana amsa mana a rubuce, yana kuma share zagi, domin zagin da aka yi ranar Asabar ya sa ƙawayena biyu suka fita.

Malam Mai Kwamfuta, Gidan Dare:

Alhaji Mai Gidan Kallo, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara. Ko a gasar duniya ta League of Legends ta 2012 a Los Anjelas, an ci tarar ƙungiyar Azubu Frost ta Koriya ta Kudu dala 30,000 saboda ɗan wasanta ya waiga ya kalli babban allon da aka kafa wa jama'a, kuma babu jinkirin intanet da zai hana wannan. Shawarar ƙanwarmu ta mai amsawa a rubuce ita ma daidai ce, da sharaɗin kada ya zauna a ɗaki ɗaya da mai riƙe da gurbin mai kallo, don kada ya rubuta abin da bai riga ya fita ba. Ƙari ɗaya, ɗan'uwa: ka danna naɗa a OBS tare da yaɗawa, ka ajiye kwafi a laftof, domin tun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, kuma ranar da gardama ta tashi wannan kwafin ne shaidarku.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke OBS, na gwada jinkirin daƙiƙa 180 jiya da dare a ɗakina, ya yi aiki, sai dai gudun aikawa a wurin da muka yi gasar bai kai megabit 3 ba da yamma, don haka zan tsaya a kilobit 1,800 ko mu sauya wuri. Ƙanwata, na ji maganarki, na kuma sami wanda zai karɓi sharhi. Mun zauna da shugabannin ƙungiyoyin, kowa ya yarda a soke wasa na uku tunda kuskuren daga wajena yake, a sake buga shi ranar Asabar bayan la'asar, a tsaya kafin magariba, makin sauran wasannin kuma ya zauna yadda yake. Alhaji, idan shagon maƙwabcin naka yana samuwa a wannan rana, zan biyo Runjin Sambo gobe mu yi maganar kuɗin wuri, in kuma auna layin a can.