Neman kalmar Hausa: me za mu kira "scale" a fagen kiɗa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Masu koyon jita mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes, sukan ci karo da darasin "Balinese scale", kuma duk wanda ya zo bayyana shi da Hausa sai harshensa ya sarƙe a kan kalmar "scale". Ina roƙon mu tsayar da magana a kanta.

Abin da ake nufi shi ne amon da aka zaɓa aka jera daga ƙasa zuwa sama, har a sake riskar amon farko cikin siririyar murya, kuma daga cikinsu ne makaɗi ke ƙera waƙarsa. A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya akwai kiɗan gamelan, wanda ake yi da kayan tagulla da ganguna, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2021. Ɗaya daga cikin tsare-tsarensa shi ne pelog, mai amo 7, amma salon gong kebyar da ya ɓullo a arewacin Bali wajen 1915 yana aiki da 5 kawai daga ciki. Su ake kira selisir, su ne kuma darasin "Balinese scale" ke kwatantawa, kuma mutanen Bali suna rera su da cewa ding, dong, deng, dung, dang.

Aron kalmar kai tsaye ba zai yiwu ba, domin sikeli ya riga ya zama na awo a bakin kowane ɗan kasuwa. "Kari" ma yana da aikinsa, tunda da shi muke cewa karin waƙa, masana nahawu kuma suna cewa karin sauti. Wani malami ya kawo shawarar "jerin sauti". Allah ya ƙara wa malam sani, shawarar ba ta kauce ba, sai dai jeri bai nuna hawa da sauka ba, alhali su ne ainihin abin da yatsun ɗalibi ke yi.

Saboda haka nake ganin mu ce "tsanin amo". Za a iya cewa matakan tsani tazararsu ɗaya ce, na selisir kuwa sun bambanta, amma wannan bambancin ne ma ya sa kalmar ta dace, domin ita ce ke ba mu bakin faɗinsa. A ɗauki tsirkiya mafi kauri, wato E. Ɗalibi zai kaɗa ta a sake, sannan ya bi gaɓoɓin da ƙarafa suka raba a wuyan jita, ya danna a gaɓa ta 1, ta 3, ta 7, ta 8, ya ƙare a ta 12, abin da ya ba shi amon da ake kira E, F, G, B, C. Mataki na farko gajere ne ƙwarai, na biyu ya ɗan fi shi, daga nan sai hannu ya yi tsalle mai nisa daga G zuwa B, ya sake matsewa, ya sake buɗewa. Da kalma ɗaya mun sami mataki, da tazara, da hawa, da sauka, kuma malami zai iya ce wa ɗalibinsa ya sauko mataki biyu, ya gane nan take.

Su pelog da selisir kuwa, a bar su da sunayensu. Abin da ya fi damuna shi ne kada a ce wa ɗalibi abin da ya kaɗa shi ne selisir ɗin kansa. Ƙarafan da aka gitta a wuyan jita sun raba tsanin gida 12 daidai wa daida, amon gamelan kuma yana faɗawa ne a tsakankaninsu, kuma kowane rukunin gamelan da irin saitinsa. Bugu da ƙari, ana ƙera kayan bibbiyu, a ɗaga ɗaya kaɗan a kan ɗan'uwansa da gangan, don idan an buga su tare amon ya riƙa kaɗawa, abin da suke kira ombak, wato igiyar ruwa. Tsirkiya ɗaya ba ta iya wannan. Don haka a rubuta "tsanin amon selisir na jita", domin a san kwatantawa ake yi. Wanda yake son ya ƙara kusantar na asali sai ya nemi bes marar ƙarafa a wuya, irin yadda wuyan gurmi da garaya yake, inda kunne ne ke nuna wa yatsa wurin tsayawa.