Neman kalma: me za mu kira "immunité diplomatique" da Hausa?

Mai zaren, Kusiri

Salamu alaikum jama'a. Ni ne nake juya wa dattawan majalisarmu labaran Faransanci zuwa Hausa bayan la'asar, kuma akwai kalmar da ta daɗe tana ba ni wahala.

A Disambar 2023 Cadi ta ba jami'an jakadancin Sudan 4 awa 72 su bar ƙasar, Sudan ta rama da korar na Cadi 3. Tushen rigimar makamai ne: Janar Yasir al-Atta na Sudan ya fito fili ya zargi Cadi da barin filin jirgin Amjaras ya zama hanyar kai wa dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, makamai daga Daular Larabawa, Njamena kuma ta ƙaryata. Daga nan hira ta ja mu zuwa wani tsohon labari. A Oktobar 2010 jami'an tsaron Najeriya suka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa ta Legas. A takarda kayan gini ne, a ciki kuwa rokoki ne da gurneti da harsasai da aka loda daga tashar Bandar Abbas ta Iran. Iraniyawa biyu da ake nema suka shige ofishin jakadancin Iran a Abuja. Sai da ministan harkokin wajen Iran, Manucer Muttaki, ya zo da kansa kafin a bari a yi wa ɗaya tambayoyi, wato Azim Agajani, wanda kotun tarayya a Legas ta ɗaure shekara 5 a 2013. Ɗayan ko gaban alƙali bai je ba.

Na ce wa dattawa dukansu biyu "kariyar diflomasiyya" ce ta hana a kama su. Sai wani ya ce, to in kariya ɗaya ce, yaya ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya?

Gaskiyarsa. Faransanci yana da inviolabilité, yana da immunité, yana da asile, mu kuma mun zuba su a ƙwarya ɗaya. Ku taya ni mu raba.

Ɗalibin shari'a, Ngaundare

Malam, ka taɓo wurin da ake yawan tuntuɓe. Duka suna cikin yarjejeniyar Biyena ta 1961, amma a sassa dabam. Sashe na 22 na gini ne: jami'in ƙasar da ta karɓi baƙo ba ya shiga ofishin jakadanci sai da yardar shugaban ofishin. Sashe na 29 da na 31 na mutum ne: ba a kama jami'in jakadanci, ba a tsare shi, kotun laifi ta ƙasar ba ta yi masa shari'a. A labarin Apapa gini ya kare su biyun muddin suna ciki. Amma ɗaya ne kawai yake da ta mutum, saboda haka da aka buɗe ƙofa Agajani ba shi da abin da ya rufe shi.

Ni dai a bar "imunite" kawai, kamar yadda muka bar duwan, wato kwastan, da jandarma. Kowa a nan ya saba.

Mai zaren

Ɗana, na gode da sassan, sun warware mini rabin matsalar. Amma ban yarda da imunite ba. Duwan da jandarma ana ganinsu da ido, kakinsu ne ke fassara sunansu. Imunite ba a ganinta. In ka faɗe ta ga wanda bai yi lakwal ba, ba ka ba shi komai ba, kuma ɗan'uwanmu na Mubi ko Maiduguri da ke karanta mu ba zai gane ba.

Malamin Larabci, Njamena

A nan rediyo na cewa da Larabci hasana diblomasiyya, daga tushen da ya ba da hisn, wato ganuwa. Ma'anar ta yi, sai dai a kunnen Bahaushe Hasana sunan 'yar tagwaye ce, ko kuma kyakkyawan aiki. Ba zan matsa a kanta ba.

Abin da nake so ku duba shi ne "hurumi". Ba baƙuwar al'ada ba ce a wannan yanki. Sarakunan Kanem da Borno suna rubuta wa gidajen malamai takarda da ake kira mahram, a ce dukiyarsu da jininsu haramun ne ga sarki da hakimansa, babu haraji a kansu, babu kiran yaƙi. Mafi daɗewa ita ce wadda ake dangantawa da Mai Hume Jilmi, ya ba malaminsa Muhammadu ɗan Mani. Mahram da hurumi da harami duk tsatso ɗaya ne. Batun ɗan aike kuma, a hadisi ya zo cewa manzannin Musailama sun faɗi maganar da ta kai a kashe su a gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, amma ya bar su domin ba a kashe manzanni. Tun kafin Biyena muna da abin, kalmar ce kawai za mu tono.

Ɗalibin shari'a

Allah gafarta Malam, ina da ja. Hurumi ya riga ya sami aiki a Hausar labarai. Kullum ana cewa "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar". In muka ɗora masa wani kaya, ba za a rikice ba?

Mai zaren

Na kwana da wannan jan, kuma ina ganin bai rushe shawarar Malam ba, ƙarfafa ta ma ya yi. Hurumin kotu da hurumin gari da hurumin masallaci duk abu ɗaya suke faɗa: wuri ne mai iyaka, akwai mai iko a ciki, wanda ba shi ba ya tsaya a baki. In na ce wa dattijo 'yan sanda ba su shiga ba domin gidan jakada hurumi ne, ba ya neman ƙarin bayani.

Akwai kuma amfani na biyu, wanda a wurina ya fi na farko. Mutane da yawa a nan sun ɗauka ofishin jakadancin Faransa a Njamena ƙasar Faransa ce, wai in ka tsallaka ƙofar ka bar Cadi. Ba haka ba ne. Filin na nan a cikin ƙasar da ta karɓi baƙo, dokarta ba ta mutu a ciki ba, hannun jami'anta ne kawai aka ɗaure daga shiga. Hurumin masallaci ma ai bai fita daga gari ba. Kalmar da kanta tana gyara kuskuren.

Sannan ni ina auna kalma da abokin tafiyarta. Suna in ba shi da aikatau da zai hau, a takarda zai tsaya. Hurumi yana da nasa: a keta shi, a kiyaye shi. Ku gwada. A Fabrairun 1973 Pakistan ta keta hurumin gidan jakadan Iraƙi a Islamabad, ta fito da akwatunan bindigogi ƙirar Sobiyet da ta ce 'yan tawayen Balocistan za a kai wa, ta kori jakadan. A ranar 5 ga Afrilun 2024 'yan sandan Ekwado suka keta hurumin gidan jakadan Meziko a Kito, suka fito da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Horhe Gilas, Meziko ta yanke hulɗa ta kai ƙara kotun duniya. Baki bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya.

Na gini dai na karɓa: hurumin gidan jakada.

Baba direba, Garwa

Yaro, ni shekaruna a hanyar Duwala zuwa Njamena suka ƙare, ban yi boko ba, jikana ke rubuta mini. Ta mutum ai tana nan, 'yan Najeriya suna cewa gwamna yana da "rigar kariya". Me ya hana ku ɗauka? Ko ku ce alkyabba, tunda lamido ne ke yafa wa mutum ita, shi ne kuma ke karɓe abinsa.

Mai zaren

Baba, Allah ya ƙara girma. Misalin alkyabba ya fi duk bayanin da na taɓa yi. Sashe na 32 abin da ya ce ke nan: ƙasar da ta aiko mutum ita ce ke da ikon ɗage masa kariyar, ba shi ba, kuma sai ta faɗa ƙarara. An yi haka a 1997, lokacin da wani jami'in jakadancin Jojiya ya kashe yarinya da mota a Washinton: gwamnatinsa ta tuɓe masa, kotun Amurka ta ɗaure shi.

Sai dai zan zaɓi riga a kan alkyabba. Alkyabba ta manya ce kaɗai, riga kuwa akwai babba akwai 'yar shara, haka abin yake a dokar ma. Jakada da iyalinsa babbar riga gare su. Ma'aikatan hidima da aka zo da su, tasu ba ta wuce abin da suka yi a bakin aiki ba. Ɗan ƙasa da aka ɗauka aiki a nan, direba ko mai gadi ko mai dafa abinci, ba shi da komai sai abin da gwamnatinsa ta ga damar ba shi. Wannan ina so yaranmu da ke tuƙa motocin jakadanci masu lambar CD su ji da kyau. Idan aka sami abin da bai kamata ba a but ɗin mota, mai babbar riga kora ce iyakarsa, direba ne zai kwana a komisariya.

"Rigar kariya" kuma ta riga ta zama ta sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya, ta shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu. Don kada a haɗa su, mu ce rigar jakadanci. Kuma riga ba wanka ba ce, ba ta wanke laifi: sashe na 41 ya wajabta wa mai ita bin dokar ƙasar da yake, kotun ƙasarsa kuma tana iya kama shi.

Saura ta uku, wato asile. Mutumin da ba shi da riga amma ya ruga cikin hurumi, me ya yi? Ni na fi son "laɓewa". Mafaka tana sa a ji kamar haƙƙi ne, alhali yarjejeniyar Biyena ba ta ba kowa wannan haƙƙin ba. Ƙasashen Latin Amurka ne suka yi tasu yarjejeniyar a Karakas a 1954.

Malama, Marwa

Yaya, a nan kam ban bi ka ba. Laɓewa ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Ɓarawo ne ke laɓewa, munafuki ne ke laɓe a bayan ƙofa. Ka manta Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shiga Njamena? Kai da ke Kusiri ka fi ni sanin yadda mutanen Njamena suka cika gadar Ngeli da yara a goye. Wanda ba ya iya kaiwa gada, ya ga ƙofar wani ofishin jakadanci a kusa ya shiga, shi ma laɓewa ya yi? A cikin kwanakin nan aka ɗauke jagoran 'yan adawa Ibni Umar Mahamat Saleh daga gidansa, har yau ba a gan shi ba. Da ya sami ƙofar da zai shiga, wace kalma za ka so a faɗa a kansa?

Mai safarar makamai yana shiga, wanda ake zalunta ma yana shiga. Kalmar labarai sai ta ɗauke su duka ba tare da ta zagi ɗaya ko ta wanke ɗaya ba. A ce fakewa. Ana fakewa daga ruwan sama, ana kuma fakewa da guzuma a harbi karsana, kalmar ba ta ɗauki gefe ba.

Mai zaren

Ƙanwata, kin yi gaskiya, na janye. Labarin Apapa ne ya cika mini ido har na manta da sauran masu shiga. Fakewa a gidan jakada.

Wani ya turo mini "tudun mun tsira" ta bayan fage. Tana da daɗin faɗa amma ba ta dace ba, don ba a tsira ba. Hurumi a bakin ƙofa ya ƙare, taku ɗaya waje a kama ka. Juliyan Asanj, mai shafin WikiLeaks, ya zauna a gidan jakadan Ekwado a Landan daga 2012 zuwa Afrilun 2019, ranar da masu gida suka janye masa aka fito da shi. Manyan jami'an mulkin soja na Dargi a Habasha biyu sun shiga gidan jakadan Italiya a Adis Ababa a 1991, ba su fito ba sai ƙarshen 2020.

Baba direba

To kayan 'yan jakadanci da duwan ba ya buɗewa fa? Mun sha ganinsu a hanya. Ana ce musu jaka, ni kuwa akwatuna na gani, wani mutum huɗu ba sa ɗaga shi.

Mai zaren

Valise diplomatique ke nan, Baba, sashe na 27: ba a buɗe ta, ba a tsare ta, amma dole ta ɗauki alama a bayyane, kuma takardu da kayan aikin ofis kaɗai aka yarda a sa. Dokar ba ta faɗi girmanta ba, shi ya sa ake zargin ta nan bindigogi ke bi. A Yulin 1984 a cikin akwatin katako aka so fitar da Umaru Dikko daga filin jirgin Stansted zuwa Legas, an yi masa allurar barci. Abin da ya cece shi, akwatin ba shi da alamar da doka ta nema, sai jami'an kwastan na Ingila suka buɗe. Ke nan sirrin yana ga alamar, ba ga jakar ba. Ina karkata ga "kaya mai hatimin jakadanci", duk da ta yi tsawo. Wanda ke da gajeriya ya kawo, musamman masu fitar da kaya a tashar Duwala da ta jirgin ƙasa a Ngaundare.

Jiya na sake ba dattawa labarin Apapa da sababbin kalmomin. Na ce mutum biyu suka fake a gidan jakada, hurumi ya hana a shiga a kamo su, ɗaya yana da rigar jakadanci ɗaya ba shi da ita, marar rigar shi ya sha ɗauri. Dattijon da ya yi tambayar farko ya ce yanzu ya ji, sai ya ƙara da tambayar ko Najeriya ta nemi Iran ta tuɓe wa ɗayan rigarsa.