Corolla ta ƙi barin P0171: ta yaya zan nuna wa yaran gareji inda iska ke shiga?

Assalamu alaikum, iyayen gida. Ina koya wa yara kanikanci, sai wata Corolla 2007 mai injin 1ZZ-FE ta tsaya mana a wuya. Kwamfuta tana nuna P0171, wato iska ta fi mai yawa. An wanke MAF (na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji), ƙarfin famfon mai psi 47, lafiya lau. Amma LTFT (yawan gyaran mai da kwamfuta ke yi wa inji) yana kai +22% in mota na silo, ya sauko +5% a rpm 2500. Zatona gaskit ɗin manifol (bututun da ke kai iska cikin inji) ne ke yoyo, sai dai mun fesa ruwan wanke kafireta kewaye da shi, ƙarar inji ba ta sauya ba. Ba mu da na'urar hayaƙi ta gano yoyo. Wace dabara ce za ta nuna wurin ƙuru-ƙuru? Ba na so yaran su saba da sauya kaya bisa cinta.