Kiran VoLTE (kiran murya ta hanyar 4G) yana yankewa da yamma: in canza tsarin rabo ko in nemi SPS?

Mai_Eriya: Assalamu alaikum. Akwai wata eriya a bakin kasuwa, 800 MHz, faɗinta 10 MHz, wato PRB (gutsuren mitar da ake raba wa wayoyi) 50 kacal. Daga la'asar zuwa isha'i takan cika maƙil, kira ya riƙa yankewa. Tsarin rabon da take kai yanzu Proportional Fair ne, mai duba ingancin siginar waya da rabon da ta samu a baya. In mayar da ita Round Robin (rabo bi-da-bi), ko in nemi a kunna SPS (izinin turawa da ake ba waya sau ɗaya, ya riƙa maimaita kansa)? Gobe zan kai shawara ofis.

Baba_2G: Wa'alaikumussalam. Kada ka soma, ɗana. Round Robin zai ba mai CQI (makin ingancin sigina) 3 dama daidai da mai 14, gudun kowa ya faɗi. A ajin fifiko na QCI, murya QCI 1 ce, ita ake fara sallama kafin QCI 9 na intanet gama-gari. Duba PDCCH tukuna, hanyar da eriya ke ba wayoyi izini: wanda ke nesa yakan ci gurabenta (CCE) 8 a izini guda. Idan can ne cunkoson, SPS zai taimaka, tunda murya duk milisakan 20 take fita, ba sai an sake ba ta izini ba.

Hajiya_RF: Idan wayoyin cikin rumfuna ne ke wahala wajen turawa, TTI bundling za ka kunna, wato a maimaita saƙo ɗaya a TTI (zangon lokacin turawa) 4 a jere.

Ɗan_Fayiba: Duk ku bar wannan. An yi wata tasha da aka kwashe watanni ana juya sigogin rediyo, ashe rauta ce ke goge DSCP 46, alamar fifikon murya, murya na bin layi ɗaya da bidiyo a kan maikurowef ɗin da ke haɗa tashar da cibiya. Aka ɗora wa ɗan kwangila laifi, aka riƙe masa kuɗi, yaransa suka watse. Da gaskiya ta fito ko haƙuri ba a ba shi ba. Wallahi zalunci ne.

Mai_Eriya: Allah ya saka masa. To SPS ɗin nawa ne?

Hajiya_RF: Yana cikin lasisin VoLTE, ba ƙarin ko sisi.

Baba_2G: Ina! Daban ake saye, kowace eriya da kuɗinta, da dala.

Ɗan_Fayiba: Baba, da girmanka, lissafin zamanin 2G ne wannan.

Baba_2G: Wanda bai taɓa buɗe ƙididdigar CCE ba shi zai gyara min?

Na_Kwari: A sa mai shela ya hana TikTok bayan la'asar, an huta.

Hajiya_RF: Ni tambayata, tashar da ke maƙwabtaka da ita tana tsaye da yamma kuwa? In an sace mata batura, janareta kuma ba dizal, duk mutanenta kanka za su dawo.

Ɗan_Fayiba: Yauwa! Masu gadi nawa ne aka biya albashin watan jiya?